Tebur Mai Jin Magana

Mahaifina teburin gwamnati ya iya.
Maɗaci zalla, aljihu shida, kowanne da ɗan makullinsa.
Ƙarti takwas suka ɗauki na ƙarshe,
sai da aka cire ƙyaure kafin ya shiga ofis,
tun da ya shiga kuwa bai sake ganin rana ba.
Darakta huɗu ya sallama.
Mai kawo takarda daga nesa yake tsayawa,
kamar mai jiran fito a bakin gulbi.

Zarton na gada, ban gaji zamanin ba.

Wata Talata Hajo Arzika ta sauka daga kabukabu
a bakin rumfata, nan Maƙerar Gandu,
ta tsallake dusar katako, ta ce,
"Shayau, tebur nake so mai jin magana."
Na ce katako ba shi da kunne.
Ta ce, "To, sa mashi."

Ɗaki ɗaya tal ta kama haya a Gesse.
Da safe su biyar ne da kwamfutocinsu
suna lissafin buhunan shinkafar mutane.
Hantsi ya yi, manoma su hauro daga fadama,
ashirin, laka ba ta bushe a dugadugansu ba,
kowa na neman inda zai aza gwiwar hannu.
Azahar, ɗakin ya koma sahu.
Ga kuma Jabbi mai riƙon asusu:
kekensa bai taɓa shiga ƙarƙashin teburin kowa ba,
shekara uku a karkace yake rubutu.

Kwana huɗu ina ɓata takarda.
Duk abin da na zana sai ya fito da fuskar mahaifina,
ƙafa huɗu a kafe, ba ya gaida kowa.

Ran na biyar ina shan kunu,
Inna ta tashi daga tabarma,
ta naɗe, ta jingine a bango,
tsakar gida ya dawo fili, awaki suka wuce.
Na ajiye ludayi.
Ashe tun ina rarrafe ake gwada mini aikin.

Na raba teburin uku, yadda za su haɗu su rabu ba faɗa.
Na huda ƙafafun, rami bakwai bakwai kamar sarewa,
ƙusa ɗaya ke cewa tashi ko durƙusa.
Kujeru na yi su wa da ƙane,
ƙarami ya shige cikin babba, irin zaman ƙore.
Taya kuma Ɗantani mai walda ya ɗaura.

Gwajin farko ya cije mini yatsa.
Na biyu, ashe daɓen ɗakin gangare ne:
tebur ya kama hanya da shayin Hajo a kansa,
sai da ya gaisa da ƙofa ya tsaya.
Na koma na yi masa birki.
Farcen har yau baƙi ne.

Ranar kai kaya ban kira ƙarti ba.
Ni da yarona, amalanke ɗaya.

Jabbi ya turo keke a hankali,
kamar mai taka gadar da bai yarda da ita ba.
Gwiwoyinsa suka shige.
Ya aza hannu biyu, ya miƙe baya,
ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, "Rage rami ɗaya."
Na durƙusa na rage.

Da tsoho na raye zai ce
tebur mai yawo ba shi da kwarjini.
Wataƙila.
Amma jiya na biya karɓar cikon kuɗina,
na tarar an jingine su ukun a bango,
an shimfiɗa darduma inda lissafi yake ɗazu.
Na cire takalmi na bi sahu.
Muna cikin sujada wani ya gogi ɗaya,
tayar hagu ta yi ƙara.

Gobe zan kawo mata mai.